Taliya da Tumatir: Doguwar Hanyar Girkin Minti Ashirin

Idan ma'aikaci ya taso daga aiki a Roma ko Milan, ya iso gida a gajiye, ba ya dogon tunanin abin da zai ci. Ruwa zai ɗora a tukunya ya zuba gishiri. Kafin ruwan ya tafasa ya daddatsa tafarnuwa, ya ɗan soya ta a man zaitun, ya juye tumatirin gwangwani a kai ya bar shi yana ɓararraka a hankali. Taliya ta shiga ruwa ta yi minti tara ko goma, a tsame ta tun tana da ɗan ƙarfi a tsakiya, a juye ta cikin miyar haɗe da ludayi guda na ruwan da ta dahu a ciki, a jujjuya, a yayyaga ganyen ɗoɗɗoya a kai. Shi ke nan, an gama. Ma'aunin ma a haddace yake: giram 100 na taliya, lita 1 ta ruwa, giram 10 na gishiri.

Mutanen Italiya suna kallon wannan girki a matsayin gadon kaka da kakanni, kuma suna kishinsa sosai. Duk mai yawo a intanet ya taɓa cin karo da bidiyon Ba'italiye yana dafe kai don wani ya kakkarya taliya kafin ya zuba ta a tukunya. Sai dai idan aka bi diddigi, haɗuwar taliya da tumatir a rubuce ba ta wuce kimanin shekara 200 ba, kuma zamanta abincin kowane gida daga kudu har arewacin ƙasar bai wuce zamanin kakanninmu ba. Sauƙin da ake gani a yau an daɗe ana biyan kuɗinsa, kuma har gobe akwai masu biya.

Bari mu fara kawar da tatsuniyar da ta fi yawo, wato cewa Marko Polo ne ya kawo taliya daga ƙasar Sin. Marko Polo ya koma gida a 1295. Tun a 1279 kuwa wani magatakarda a birnin Jenowa ya rubuta kayan gadon wani soja, a ciki har da kwando cike da makaroni. Labarin Marko Polo ya samu gindin zama ne bayan da wata mujallar masu masana'antar makaroni ta Amurka ta buga shi a 1929. Mutanen Sin suna da tasu taliyar tun da daɗewa, wannan ba gardama, amma hanyarta daban.

Hanyar taliyar Italiya ta bi ta tsibirin Sisiliya ne, kuma a nan akwai sunan da almajiran fiƙihun Malikiyya za su gane. A shekarar 827 rundunar Musulmi ta tashi daga Tunisiya ta yau ta sauka a tsibirin, kuma jagoranta ba sojan sana'a ba ne, alƙalin Ƙairawan ne, Asad bin Furat, wanda ya yi karatu a gaban Imam Malik a Madina. Littafinsa ne Sahnun ya tace ya fitar da Mudawwana. Asad ya rasu shekara guda bayan saukarsu, amma birnin Palermo ya faɗa hannun Musulmi a 831, kuma mulkinsu ya ɗore a tsibirin sama da shekara 200 kafin Normawa su kammala ƙwace shi a 1091. Sababbin sarakunan Kiristoci ne, amma ba su kori masana da manoman da suka tarar ba. A fadar ɗaya daga cikinsu, Sarki Roja na Biyu, masanin ƙasa Idrisi ya zauna ya rubuta Nuzhatul Mushtaƙ, ya kammala a 1154. A ciki ya ba da labarin wani gari mai suna Trabia, kimanin kilomita 30 gabas da Palermo, mai ruwa mai gudu da injinan niƙa, inda ake yin wani abincin gari mai siffar zare da ake kira itriya, ana loda shi a jiragen ruwa zuwa Kalabriya da ƙasashen Musulmi da na Kirista.

Ba Larabawa ne suka ƙirƙiro kwaɓa gari a murza shi ba. Kalmar itriya kanta ta girme su a wannan yanki, asalinta daga Girkanci ne. Abin lura a bayanin Idrisi shi ne ciniki: abu ne busasshe, ana yin sa da yawa, ana kai shi nesa. Sirrin yana cikin irin alkamar. Akwai alkama mai taushi da ake yin burodi da ita, akwai kuma mai tauri da ke son ƙasa mai zafi da ƙarancin ruwa, irin ta Sisiliya da Arewacin Afirka, wadda ake yin kuskus da ita. Kwaɓin wannan mai taurin yana riƙe kansa, idan ya bushe ba ya marmashewa, idan an dafa ba ya narkewa. Abin da kilishi ya yi wa nama, shi busarwa ta yi wa alkama: burodi kwana kaɗan ne ya yi fumfuna, taliya kuwa sai ta shekara a cikin jirgi ba abin da ya same ta. Har yau a yankin Salento da ke can ƙarshen kudancin Italiya, akwai girkin taliya da wake da suke kira da sunan tria.

Mu ma sunan da muke kiran abin da shi abin a tsaya a saurara ne. Wani kunnen Italiya yake ji a cikin kalmar taliya, wani kuma itriya yake ji. Duka biyun dai arewa suke nuna mana, wajen Tarabulus da Gadamas, inda fataken da suka zauna a birnin Kano suka fito, kuma alkama ma sunanta daga Larabci muka aro shi. Taliyar murji da ake shanyawa a kan igiya a tsakar gida, a ci da manja da yaji, ta fi kusa da abin da Idrisi ya gani a kan wadda ke cikin leda a kanti.

Daga zamanin Idrisi har kusan shekara 500, taliya ba abincin talaka ba ce. Aikinta da wuya, kuɗinta ya fi na burodi nesa. A littafin Decameron na Boccaccio, wanda aka rubuta a tsakiyar ƙarni na 14, an yaudari wani wawa da labarin wata ƙasa mai dutsen cuku, inda mutane ba su da aiki sai dafa makaroni suna gangaro da shi ƙasa, kowa ya kwasa. Abin da mutum ke sakawa a ƙasar mafarki, ai ba shi yake ci kullum ba. Masu hali kuwa yadda suke cin ta zai ba Ba'italiyen yau haushi. Martino, babban kuku na ƙarni na 15 da ya yi wa manyan malaman coci girki a Roma, ya ce a dafa makaronin Sisiliya na tsawon awa biyu. Bayan an sauke sai a barbaɗa cuku da sukari da kirfa. Kusan kayan zaƙi ce, kuma sau da yawa rakiyar nama take yi.

A Napoli abin ya sauya, birnin da matasanmu suka sani ta dalilin Victor Osimhen. A ƙarni na 17 Napoli tana cikin manyan biranen Turai, mutanenta sun haura 300,000, tana ƙarƙashin Sifaniya, kuma haraji ya yi wa talaka katutu. A 1647 wani mai sayar da kifi da ake kira Masaniello ya jagoranci bore saboda harajin da aka ɗora wa kayan marmari. A da laƙabin mutanen birnin shi ne maciya ganye, domin abincinsu miyar kabeji ce da ɗan nama. Da jama'a ta yi yawa, gonakin gefen gari suka kasa, nama ya fi ƙarfin aljihu, sai aka koma neman abin da zai cika ciki, ya ajiyu, kuma ya yi araha. Masanin tarihi Emilio Sereni ya bi sawun yadda laƙabin ya juya daga maciya ganye zuwa maciya makaroni. Ba daɗi ne ya kawo wannan sauyi ba, ƙunci ne. Mutum ya rasa nama da ganye, ya samu gari da ɗan cuku.

Na'urori biyu ne suka karya farashin. Ta farko doguwar sanda ce ta katako da aka ɗaure bakinta ɗaya, ma'aikata su zauna a ɗaya bakin suna tsalle da ita a kan kwaɓin, domin kwaɓin alkama mai tauri ya fi ƙarfin hannu. Ta biyu matsi ne mai murɗawa, wanda ke tura kwaɓin ta cikin faifan tagulla mai huji-huji, ya fito zare-zare. Abin da mata goma za su wuni suna murzawa, sai ya fito cikin ɗan lokaci. Saura busarwa, kuma a nan gwanintar take. Idan taliya ta bushe da sauri sai ta tsattsage, idan ta yi jinkiri sai ta yi tsami. Garuruwan Gragnano da Torre Annunziata da ke kusa da Napoli sun yi suna ne saboda iskarsu: wata mai laima daga teku, wata busasshiya daga duwatsu, suna karɓa-karɓa. A kan titi ake shanya taliyar a jikin sanduna, a shigar da ita a fitar da ita kwana da kwanaki, kuma babban ma'aikaci shi ne wanda ya iya karanta sama ya san iskar da za ta taso.

A bakin titi ake sayar da ita dafaffiya, daga manyan tukwane, a barbaɗa cuku, a ci da hannu. Mutum ya ɗaga zaren sama ya ɗaga kai ya zura a baki. Baƙi masu yawon buɗe ido daga arewacin Turai har biyan kuɗi suke yi a saya wa yaran titi kwano guda don su tsaya kallon yadda za su haɗiye shi da zafinsa, daga baya ma aka riƙa buga hotunan a katin gaisuwa. Yunwar wani ta zama abin nishaɗin wani. Duk wannan taliyar kuwa fara ce fat, babu ɗigon ja a cikinta.

Tumatir ɗan nahiyar Amurka ne. Mutanen Aztek na ƙasar Meziko suna nomansa, kuma daga harshensu sunan da mu da Turawan Ingila muke kiransa ya samo asali. Sifaniyawa sun ci babban birninsu a 1521, suka kwaso iri iri na tsirrai zuwa Turai. A 1544 likita Mattioli ya bayyana shi a littafinsa na tsirran magani, bayan shekara goma kuma ya rubuta sunan da ya bi shi har yau a Italiya, pomodoro, wato tuffar zinariya. A 1548 an kai kwandonsa gidan Cosimo de' Medici mai mulkin Fulorens, aka duba, aka yi mamaki. Amma ci? Aka ja da baya. Masana tsirrai sun gane danginsa, kuma dangin ba na yarda ba ne: gida ɗaya suka fito da gauta da yalo, amma kuma gida ɗaya da zaƙami da ire-irensa masu juya hankali. Likitocin zamanin sun ce yana da sanyi da laima, yana ɓata ciki. Ga shi kuma ba ya ƙosarwa, manomin da ke fama da yunwa ba zai ba shi wurin da zai shuka hatsi ba. Haka ya yi kusan shekara 150 yana zaman ado a lambunan masu kuɗi.

Miyar tumatir ta farko da aka buga a littafin girki na Italiya tana cikin littafin Antonio Latini da ya fito a Napoli a shekarun 1690, kuma sunan da ya ba ta shi ne miya irin ta Sifaniyawa: gasasshen tumatir, albasa, barkono, gishiri, mai da ruwan tsami. Da nama ake cin ta, ba wanda ya ce a zuba ta a taliya. Sai a littafin Ippolito Cavalcanti, wani basarake ɗan Napoli, wanda ya fara fitowa a 1837, aka ga siririyar taliya da tumatir a kwano ɗaya, a sashen da ya rubuta da harshen mutanen gari don girkin gida. Littafi kan zo a makare, talakawa sun riga shi. Duk da haka a lissafa: daga 1544 zuwa 1837 kusan shekara 300 ke nan abubuwan biyu suna ƙasa ɗaya ba su zama abu ɗaya ba. A shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu, abin da duniya ke kira abincin Italiya a yau ko a littafi bai shiga ba.

Ko bayan sun haɗu, tumatir ɗan lokaci ne, wata biyu ko uku na zafi ya wuce. Matan kudu sukan tace shi su shanya a kan alluna a rana har ya yi kauri ya yi duhu, wasu su rataye ƙananansa a rumfa. Wanda ya san kauɗa ya san dabarar. Gwangwani ne ya raba tumatir da lokacinsa. Francesco Cirio, wanda ya fara da tallan kayan lambu a kasuwar Turin, ya buɗe masana'antar adana abinci a 1856, daga baya ya kafa wasu a kewayen Napoli inda ake noman dogon tumatirin San Marzano. A yankin Parma kuma aka ƙware a niƙaƙƙen tumatir mai kauri. Daga nan miyar da ake jira shekara ta zagayo ta koma abin da ake buɗewa da wuƙa.

Italiya kanta ba ta zama ƙasa ɗaya ba sai a 1861, kuma a lokacin ɗan Sisiliya da ɗan Milan ba su jin harshen juna, balle su ci abinci ɗaya. Talakan arewa tuwon masara yake ci, wanda suke kira polenta, safe da rana da dare. Masarar ma daga Amurka ta zo, amma an ɗauko irin an bar dabarar: mutanen Meziko suna dafa ta da ruwan toka ko farar ƙasa, abin da ke sakin sinadarin niyasin da ke cikinta. Turawa ba su koyi wannan ba. Sakamakon shi ne cutar pellagra, wadda ke farawa da sabar fata, ta bi da gudawa, ta ƙare da taɓin hankali. Ƙidayar 1881 ta samu masu ita sama da 100,000, mafi yawansu a Lombardiya da Beneto. Duk mai son ya yi kewar girkin kakannin Italiya, ya fara tambaya ko kakannin wane.

Mutumin da ya fara ɗinke girkin ƙasar wuri ɗaya ba kuku ba ne. Pellegrino Artusi ɗan kasuwa ne mai rufin asiri da ya zauna a Fulorens, bai taɓa aure ba, kuma ya haura shekara 70 lokacin da ya kammala littafinsa na girki a 1891. Masu ɗab'i suka ƙi karɓa, sai ya biya da kuɗinsa aka buga kwafi 1,000. Girki 475 ne a ciki, kowanne an gwada shi a gidansa tare da masu yi masa girki biyu, Marietta Sabatini da Francesco Ruffilli. Ya rubuta shi da sassauƙan harshe, da hira da barkwanci, kamar kawu yana koya wa 'yar ɗan'uwansa. Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya biyo baya. Matan aure daga sassan ƙasar suka riƙa aiko masa da wasiƙu: wannan ta ce ma'aunin kaza bai yi daidai ba, waccan ta aiko da girkin garinsu. Shi kuma ya gwada, wanda ya yi ya saka a bugu na gaba. Kafin rasuwarsa a 1911 girkin ya kai 790. Mu masu rubuta manhaja mun san wannan tsari sarai: mutum ɗaya ya saki aiki, masu amfani su kawo ƙorafi da gyara, shi ya tace ya sake saki. Artusi ya yi shekara ashirin yana wannan da tambarin gidan waya. Kuma kamar yadda yake faruwa a wajenmu, sunan mai riƙe da aikin ne ya tsaya a bango, sunayen mafi yawan masu gyaran suka ɓace.

Amma masu sayen littafi masu abin hannu ne. Talakan kudu jirgi ya hau. Tsakanin 1880 da 1920 kimanin mutum miliyan 4 suka tafi Amurka, wasu miliyoyin suka nufi Ajantina da Burazil. A can ne ɗan ƙauyen da a gida ba ya ganin taliya sai ranar biki ya samu albashin da zai ci ta kullum, har da nama a kai. Taliya da dunƙulen nama, wadda duniya ke ɗauka girkin Italiya ce, a Amurka ta girma. A can ne kuma ɗan Kalabriya da ɗan Napoli suka zauna layi ɗaya, aka kira su duka da suna ɗaya, suka fara cin abinci ɗaya. Kuɗin da suke aikowa da odar da suke yi ta taliya da gwangwani su suka raya masana'antun gida. Wani ɓangare na abin da ake kira girkin Italiya, 'yan ci-rani ne suka ƙera shi a waje suka aiko da shi gida.

Sai ga gwamnatin da ta so raba mutane da taliya. Italiya ba ta noma alkamar da za ta ishe ta, tana sayowa daga waje, Mussolini kuwa yana ganin wannan abin kunya ne. A 1925 ya ƙaddamar da abin da ya kira yaƙin alkama, aka ɗora haraji kan ta waje, aka matsa wa manoma su shuka ta ko a inda ba ta dace ba, aka riƙa tallata shinkafar arewa. A Disambar 1930 marubuci Marinetti, ɗan gaban goshin gwamnatin, ya fitar da sanarwa a wata jaridar Turin yana neman a soke taliya gaba ɗaya, wai tana sa nauyin jiki da kasala, ba ta dace da al'ummar mayaƙa ba. Aka yi ta cacar baki a jaridu. Noman alkama ya ƙaru, amma farashinta ya hau, talaka ya rage ci. Abin dariyar shi ne irin alkama mai tauri da ya mamaye gonakin kudu a wannan zamani na kishin ƙasa, wanda masani Nazareno Strampelli ya fitar a 1915 ya sa masa suna Senatore Cappelli, daga wani iri na Arewacin Afirka aka zaɓo shi. A ƙasashen da Italiya ta mamaye kuwa, Libiya da Eritiriya da Somaliya, taliya ta zauna daram bayan masu mulkin sun tafi. Mutanen Libiya suna dafa ta cikin miya mai yaji a tukunya ɗaya, Somaliyawa suna cin ta da ayaba.

Ranar 25 ga Yulin 1943 aka tuɓe Mussolini. A kwanakin da suka biyo, wasu manoma 'yan gidan Cervi a yankin Reggio Emilia suka dafa taliya mai yawa da man shanu da cuku, suka loda a garewanin madara, suka kai dandalin garin Campegine suka raba wa kowa kyauta. A lokacin abinci da kati ake samunsa, don haka wannan babbar walima ce. Murnar ba ta daɗe ba. Jamusawa suka mamaye arewa, 'yan Fasist suka dawo, kuma ranar 28 ga Disambar shekarar aka harbe 'yan'uwa maza bakwai na gidan a rana ɗaya. Har yau duk 25 ga Yuli ana dafa farar taliya a garuruwa da dama na Italiya don tunawa da su.

Girkin minti ashirin da muka fara da shi ɗan bayan yaƙi ne. A shekarun 1950 da 1960 tattalin arziki ya bunƙasa, miliyoyin 'yan kudu suka koma Turin da Milan aikin masana'anta, suka tafi da tukwanensu. Murhun gas ya maye gurbin gawayi, firiji ya shiga gidaje, mata suka fita aiki, talabijin ta riƙa tallan taliyar leda. Busarwar da ke cin kwanaki a titin Gragnano ta koma ta awoyi a ɗaki mai zafi. A 1967 aka yi dokar da ta ce busasshiyar taliyar da za a sayar a ƙasar dole ta zama ta alkama mai tauri zalla. Yau Ba'italiye yana cin kimanin kilo 23 a shekara, ba wanda ya kai shi a duniya, mai bi masa kuwa Tunisiya ce, inda jiragen Asad suka taso. Wasu girke-girken da ake rantsuwa da tsufansu ma 'yan wannan zamani ne: carbonara, wadda mutanen Roma ke faɗa a kanta kamar gadon gida, ba a ga sunanta a rubuce ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Gwangwanin kuwa ya yi tafiyar da ta fi ta taliyar. A kasuwannin Legas har yau ana auna shinkafa da wake da derika, kuma sunan daga De Rica ya fito, wani kamfanin tumatir na Italiya da gwangwaninsa ya zama mudu. A Ghana, shigowar niƙaƙƙen tumatir mai araha daga Italiya da Sin bayan an sassauta harajin shigo da kaya ta taimaka wajen durƙusar da masu noman tumatir, har 'yan jarida suka tarar da wasu manoman arewacin ƙasar a gonakin Puglia suna tsinkar tumatir a matsayin 'yan ƙwadago.

A nan ne sauran kuɗin sauƙin yake fita. Filayen da ke kewaye da Foggia suna cikin manyan wuraren noman tumatirin gwangwani a Turai, kuma da yawan masu tsinkarsa da hannu 'yan Afirka ne da 'yan gabashin Turai, wasu ba su da takardu, suna kwana a bukkokin kwali da leda a bayan gari. Tsakaninsu da mai gona akwai ɗan kamasho da ake kira caporale. Shi ke zaɓen wanda zai yi aiki yau, ya caji kuɗin mota, ya caji kuɗin ruwan sha, ya yanki nasa a ladan. Ana biya ne a kan akwati, mai cin kilo 300, kuma an sha biyan Yuro uku ko huɗu kacal a kan kowanne. A 1989 'yan fashi suka kashe Jerry Masslo, ɗan gudun hijira daga Afirka ta Kudu da ke tsinkar tumatir a Villa Literno kusa da Napoli, kuma mutuwarsa ce ta tilasta wa ƙasar yin dokarta ta farko mai faɗi kan baƙi. A 2011 wani ɗalibin injiniya ɗan Kamaru, Yvan Sagnet, da ya je neman kuɗin makaranta a gonakin Nardò, ya jagoranci yajin aikin da ya sa aka mayar da sana'ar caporale laifi, aka kuma ƙarfafa dokar a 2016 ta haɗa da mai gonar. Duk da haka a Agustan 2018, cikin kwana uku, ma'aikata 16 'yan Afirka suka mutu a haɗurra biyu na motocin da ke kwaso su daga gona a yankin Foggia.

Sagnet ya kafa ƙungiya mai suna No Cap, wadda ke sa tambarinta a gwangwanin da aka tsinki tumatirinsa da kwantiragi da cikakken lada da motar da ta dace da ɗaukar mutane. Ana samunsa a wasu manyan kantunan kudancin ƙasar, a jere da sauran gwangwanaye.